Alƙalami Kafin Hannu: Aikin Masu Rajistar Kayan Kushewa

Gabas da birnin Katsina, tafiyar kilomita 32, a ƙasar Mani, akwai wasu tuddai da ba su kasa takwas ba, ana ce musu Durɓi Takusheyi. Kushewun manyan Katsina ne na dauri. Mu mutanen Maraɗi da Tasawa da Mayahi ba baƙi ba ne ga wannan wuri, ko da iyaka ta ratsa tsakani. Bayan da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar da aka kora arewa ya nufa, ya kafu a Maraɗi, kuma har gobe akwai Durɓi cikin manyan fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Abin da ya samu waɗannan kushewu labarin gidanmu ne.

Sau biyu aka tone su. Na farko a 1907, lokacin da Bature Herbert Richmond Palmer ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan, da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An samu kaya, na yumɓu da na ƙarfe. Yau in ka nemi a nuna maka su, babu mai iyawa. Sun salwanta, kuma abin da aka rubuta a kansu bai taka kara ya karya ba. Ba wanda zai ce maka ga siffar kowace tukunya, ga inda take kwance, ga abin da ke kusa da ita.

Na biyu a 1992 ne, ƙarƙashin wani shirin bincike na Jamusawa wanda Dierk Lange na jami'ar Bayreuth ya jagoranta. Tuddai uku aka buɗe, kowanne da mamaci ɗaya a tsakiyarsa. Wannan karon ba a bi kaya ɗaya-ɗaya ana fizgowa ba. Inda suka cukurkuɗe da ƙasa sai aka yanko wurin dunƙule guda, aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye. A 2007 hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ta haɗa hannu da babban gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus, aka shiga buɗe dunƙulen a kan tebur, kaɗan-kaɗan, ana ɗaukar hoto ana rubutawa. Sai ga wuri, ga duwatsun ado na gilas da na dutse, ga zinariya da hauren giwa, ga guntayen tufa da fata da itace, ga kuma kwanon ƙarfe wanda ba maƙeran ƙasar Hausa suka yi shi ba, daga ƙasashen Musulmi na gabas ya fito. Detlef Gronenborn da abokan aikinsa suka buga sakamakon, littafi a 2011, maƙala a mujallar Azania a 2012. A nan aka san cewa an binne mutanen ne daga ƙarni na 13 ko na 14 zuwa na 15 ko na 16.

Ƙasa ɗaya ce, kushewun ma iri ɗaya. Abin da ya sa tonon farko ya tafi a iska, na biyu kuma yake ba da shaida, aikin wani ne da ba a cika jin sunansa ba, wato mai rajista: mai ba kowane abu lamba, ya auna shi, ya zana shi, ya rubuta masa kati.

Na san abin da ke zuwa ran Bahaushe in ya ji an ce an tone kabari, don yana raina ni ma. Ba mu saba ba, ba ma so, kuma muna da dalili. Sai dai kaburbura suna buɗewa ko ba a yi niyya ba. Ruwa ya zaizaye gaɓar gulbi, katafila ta yanki tudu wajen aikin hanya, ɓarawo ya riga kowa. In har an buɗe, mafi ƙarancin haƙƙin mai kushewar a kanmu shi ne a faɗi gaskiyar abin da aka tarar, ba ƙari ba ragi. Mai rajista shi ke sauke wannan nauyi, shi ya sa nake ganin girmansa.

A Masar wannan sana'a ta nuna, don can ne kaya suka yi yawan da tilas a samo musu tsari. A ƙarƙashin dalar Sarki Zosar a Saƙƙara, wadda aka gina wajen shekara 2650 kafin Miladiyya, masu tono sun ci karo a shekarun 1930 da rumfunan ƙarƙashin ƙasa maƙare da kwanuka da tuluna da farantai, duk na dutse, kimanin 40,000, mafi yawa a farfashe. To a ce an nuna maka guda ɗaya irin waɗannan, ɗan tulu fari mai ratsin ruwan zuma, yana kwance cikin ƙura a kusurwar kabari, an ce yi masa rajista.

Gwani ba ya fara miƙa hannu. Lamba yake fara bayarwa, tulun yana nan inda yake. Howard Carter ya bar misalin da har yanzu ake koyi da shi. Ranar 4 ga Nuwamban 1922 ma'aikatansa suka gano matakalar farko ta kabarin Tutankamun a Kwarin Sarakuna, hayin Luƙsor. Duniya ta ƙagu ta ga zinariya, shi kuwa ya ce ba a ɗaga komai sai an jingina ƴar takarda mai lamba a jikinsa, mai hoto Harry Burton ya ɗauke shi a mazauninsa, an sa shi a taswirar ɗakin, an buɗe masa kati. Bayan haka ne ake ɗauka a kai kabarin Seti na biyu, wanda suka mayar ɗakin aiki, inda Alfred Lucas masanin sinadarai da Arthur Mace suke jira. Lambobin sun tashi daga 1 zuwa 620. In akwati ne, duk abin da ke cikinsa sai ya ɗauki lambar akwatin haɗe da harafi, don kada ɗa ya rabu da uwarsa a takarda. Kaya sama da 5,000 ne, aikin ya ci shekara goma. Akwai wani kofin farin dutse mai siffar furen bado, lambarsa 14. A ƙasa aka tarar da shi, daf da ƙofar ɗakin farko, kuma da yake an rubuta haka, masana suna iya cewa da alama ɓarayin da suka shiga tun zamanin Fir'aunoni ne suka bar shi a nan. Da wani ya ɗauke shi ya ɗora a kan gado kafin a rubuta, da wannan labari ya mutu. Katunan suna Cibiyar Griffith a Oxford, an sa su a intanet, kowa na iya ganin rubutun hannun Carter da ƙananan zane-zanensa.

Bayan lamba sai tambayar da ke raba gwani da ɗan koyo: wane dutse ne? Shekaru da dama duk farin dutsen da haske ke ratsawa alabasta ake rubuta masa, alhali iri biyu ne da kama kawai ta haɗa su. Ɗaya jifsum ne, mai laushin da farce ke iya kartarsa. Ɗayan, wanda Misirawa suka fi so, shi ne kalsit. Farce ba ya kama shi, amma in ɗigon asid mai rauni ya taɓa shi sai ya yi kumfa. Mai rajista na kirki ba zai karci kayan shekara dubu huɗu don ya huta da tunani ba. Ɗaga tulun zai yi, ya sa fitila a bayansa, ya ga yadda haske ke bi ta jikinsa yana fito da ratsi-ratsi masu lanƙwasa, wani fari, wani ruwan zuma. Zai duba ƙwayar dutsen da madubin ƙara girma. In ta kama lalle sai an gwada, to a kan ɗan ɓarɓashin da ya riga ya ɓalle ne.

Wannan wahala tana da dalili, don kowane dutse da mahaƙarsa. Kalsit mai kyau a Hatnub ake saro shi, cikin hamada kusa da Amarna. Akwai wani mai duhu, kore-kore, mai santsi, daga Wadi Hammamat, kan hanyar da ta tashi daga Ƙift zuwa Bahar Maliya. Akwai mai ratsin fari da baƙi, irin wanda aka sassaƙa mutum-mutumin Sarki Kafra da shi, wannan daga Jabal al-Asr yake, can ƙuryar hamadar kudu, kimanin kilomita 65 daga Abu Simbel. Wanda ya rubuta sunan dutse daidai, tafiyar ayari ya rubuta, da jakunanta da salkunan ruwanta da umarnin sarkin da ya tura ta. Wanda ya kuskure kuwa ya ɓatar da duk mai karanta katinsa. Barbara Aston ta fitar da littafi a 1994 a kan kwanukan dutse na Masar, kuma babban abin da ta yi a ciki shi ne gyara sunayen duwatsun da magabata suka rubuta bisa kallon ido, ta hanyar duba siraran yankan dutse a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike.

Sai awo da zane. Tsayi, faɗin baki, faɗin ciki inda ya fi kumbura, faɗin gindi, kaurin leɓe, zurfi, nauyi, duk da milimita da giram. Akwai ƙarfen awo mai ƙafa biyu, a zura ɗaya ciki ɗaya waje, a san kaurin bango daga wuya har gindi. Akwai wani mai siraran haƙora masu motsi, in an danna shi a jikin tulu sai haƙoran su ɗauki lanƙwasar jikin, a kwantar da shi a takarda a bi da fensir. Zanen ma da ƙa'idarsa. Layi ake ja a tsaye a tsakiyar takarda. Gefe guda a nuna tulun yadda ido ke ganinsa daga waje, ɗaya gefen a nuna shi a tsage, a cike kaurin bangon da baƙi.

Wani zai ce ai ga hoto, me ya kawo fensir? Hoto ba ya ganin ciki. Tuluna biyu za su yi kama ta waje kamar an tsaga kara, amma ɗaya an rarake cikinsa har ƙarƙashin kafaɗa, ramin ya bi siffar jikin, ɗayan kuwa rami ne miƙaƙƙe aka huda aka bar shi da nauyinsa. Na farko ya ci lokacin gwani, na biyu aikin sauri ne, wataƙila don kabari kaɗai aka yi shi. Zane ke tona wannan. Ko gutsuren leɓe kaɗai aka samu, sai a ɗora shi a kan wata takarda mai da'irori, ƙanana cikin manya, a matsa shi har a ga wadda lanƙwasarsa ta hau daram, a san faɗin bakin kwanon da ba wanda ya gan shi cikakke tun shekaru dubbai. Da irin wannan haƙuri Ali al-Khuli, masani Bamisire, ya tattara siffofin kwanukan dutse na farkon tarihin ƙasarsa cikin mujalladi uku a 1978, don mai sabon tulu a hannu ya sami abin da zai gwada nasa da shi.

Wurin da na fi sha'awa shi ne inda ake kashe fitilar sama, a kunna ƴar tocila a kwantar da haskenta ta gefe, yadda kowane ƙarce zai yi inuwa. A cikin tulun sai ka ga siraran zobba suna zagaye, yatsa ma yana jin su. Sawun mahudi ne. Masu sassaƙar ba su da baƙin ƙarfe. Da bututun jan ƙarfe suke hudawa, suna zuba yashi, yashin ne ke cin dutsen, bututun tura shi kawai yake yi. Daga nan a faɗaɗa ramin da guntayen ƙanƙara da duwatsun gurza, waɗanda ake maƙalawa a bakin wata sanda da aka ɗaura wa duwatsu don nauyi, ana juyawa da hannu. An zana masu wannan aiki a bangon kabarin Mereruka a Saƙƙara. Wani Baturen Ingila, Denys Stocks, ya ƙera irin kayan aikin ya yi ta gwadawa da hannunsa, ya nuna cewa yashi da jan ƙarfe da naci sun isa su huda dutse mai tauri. Mai rajistar da ya san wannan zai rubuta cewa an huda da bututu, an faɗaɗa, an goge waje sumul, an bar ciki da kaushi. Zai lura ko leɓen ya cinye saboda amfani, ko an taɓa ɗinke tsaga tun a da. Tulun da ya yi hidima a gida kafin ya shiga kabari daban yake da wanda ya fito daga hannun masassaƙi kai tsaye.

Abin da ɗan koyo ya fi saurin yi, gwani kuma ya fi tsoro, shi ne wanki. Baƙin dattin da ya daskare a gindin tulu sau da yawa ya fi tulun faɗin gaskiya. A kabarin Tutankamun an sami tulunan kalsit da dama na mai da man shafawa. Ɓarayin farko sun kwashe man, kuma Carter ya ga sawun yatsunsu a sauran kitsen da ya manne a ciki. Gwajin da aka yi wa abin da ke cikin ɗaya daga cikin tulunan ya nuna kitsen dabba ne haɗe da ɗan ƙaro. Soso ɗaya da ruwa sun isa su shafe duk wannan. Abin burgewa kuma, Carter ba shi ne mai rajista na farko da ya shiga kabarin ba. Magatakardan fadar Fir'auna sun rubuta a jikin akwatuna jerin abin da aka zuba a ciki ranar binnewa. Da aka gwada jerinsu da abin da aka tarar, sai aka ƙiyasta cewa wajen kashi 60 cikin 100 na kayan adon da ke akwatunan ya bi ɓarayi. Rubutun magatakarda ya yi aikinsa bayan shekara sama da 3,000.

Rubutu a jikin tulu abin farin ciki ne, amma tarko ne ga mai gaggawa. Da yawa daga kwanukan dalar Zosar suna ɗauke da sunayen sarakuna, kuma da Pierre Lacau da Jean-Philippe Lauer suka bi su suka kwafe, sai ga shi mafi yawa sunayen sarakunan gidan sarauta na farko da na biyu ne, waɗanda suka riga Zosar, wasu da ɗaruruwan shekaru. Kayan gado ne aka tattaro aka binne. Saboda haka kati mai kyau yana ware lokaci biyu, lokacin da aka yi tulun da lokacin da aka rufe shi a ƙasa. Wajen kwafar rubutun kuma, abin da ido ya gani ake kwafa. In harafi ya goge, a nuna gurbinsa da ƴan layuka, ko da mai kwafar ya tabbata ya san abin da ke wurin.

In babu rubutu fa? Siffa ake bi. Flinders Petrie ne ya buɗe wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 19. Ya ɗauki kaburbura wajen 900 na zamanin da ba a fara rubutu ba a Masar, ya ba kowanne siririn kati mai jerin irin tukwanen da ke cikinsa, ya yi ta jera katunan yana sake jerawa, har tukwane masu kama da juna suka zauna kusa da juna, aka ga yadda siffa ke sauyawa daga tsara zuwa tsara. Da ya zo ba matakan lamba, daga 30 ya fara. Ya bar 1 zuwa 29 a buɗe saboda abin da za a iya ganowa wanda ya girmi nasa, kuma daga baya an gano, a Badari. Mutumin da ke tsakiyar nasararsa ya tuna ya bar wa na baya wuri, wannan hali ya fi dabarar kanta burge ni. Shi ne kuma ya horar da ma'aikata daga garin Ƙift tun 1893, waɗanda jikokinsu har yau suke shugabantar leburorin tono a Masar. Su ne idanun da ke fara ganin canjin launin ƙasa. Sunayen ma'aikatan tono Misirawa ba su cika hawa bangon littattafai ba, amma an san na wasu, kamar Rayyis Ahmad Girigar, shugaban ma'aikatan Carter.

Duk wannan yana komawa ga ladabi ɗaya: raba abin da ka gani da abin da kake zato. A kati, bayanin siffa da awo da wurin samu suna gefe guda, ra'ayin mai rajista yana wani gefen, da sunansa da kwanan wata, da alamar tambaya in ta kama. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba: matani daban, sharhi daban, kuma ba a karɓar magana sai an san daga hannun wa ta fito zuwa hannun wa. Tulu ma yana da isnadinsa. Wa ya tono shi, yaushe, wa ya karɓa, wace ma'ajiya ya kwana. In sarƙar ta yanke, darajarsa ta shaida ta ragu ko da bai yi ko tsaga ba.

Ƙarshen aikin shi ne rubuta lambar a jikin tulun. A nemi wuri a gindi, a shafa ɗan siririn ruwan gam mai haske wanda za a iya narkar da shi daga baya, a bari ya bushe, a rubuta lambar da tawada ƙanana-ƙanana, a sake shafawa a kai. Tawada ba ta taɓa dutsen ba ke nan. Lambar nan ita ce a kati, ita ce a hoto, ita ce a babban kundin gidan tarihi, kuma gida mai hankali yana ajiye kwafin kundin a wani gini daban saboda gobara da gara.

Da wannan ido za a sake duban kwanon Durɓi Takusheyi. Na ƙarfe ne, ba dutse ba, amma tambayoyin ba su canza ba: da me aka yi shi, yaya aka yi shi, da waɗanne yake kama, me ke kusa da shi. Masu binciken sun sa shi a ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16. A lokacin Mamluka ke mulkin Masar da Sham, har zuwa 1517. A lokacin ne kuma Jalaluddin al-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuto wasiƙar nasiha daga Alƙahira zuwa ga sarakunan wannan yanki, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Takarda ta ce akwai hanya tsakanin Katsina da gabas, ƙasa kuma ta fito da kwano ta gaskata. Duk da haka mai rajista ba zai rubuta cewa kyautar wane ce ga wane ba, don bai gani ba. Wannan kamewa ita ta sa ake yarda da sauran abin da ya rubuta.

Nijar ta ɗanɗana ɗacin rashin rajista. A Bura, cikin ƙasar Tera, an gano wata tsohuwar makabarta a 1975, kuma a 1983 Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai ya tone wani sashe bisa ƙa'ida, ya fito da ɗaruruwan tulunan binnewa da kawunan yumɓu. Da aka nuna wasu a baje kolin kayan tarihin kwarin kogin Kwara da aka buɗe a Faris a 1993, dillalai suka buɗe ido, aka shiga haƙa ba dare ba rana. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, tare da na Nok da na Katsina da Sakkwato. Abin da Gado ya rubuta shi ne abin dogaro. Waɗanda aka sace suna nan a ɗakunan masu kuɗi a ƙetare, kyawawa, amma ba a san ramin da suka fito ba, kuma da wuya ƙasa ta ce nata ne a gaban alƙali in ba ta da hoto da awo da lamba. Nijar ta yi dokar kare kayan tarihi a 1997, sai dai doka ba ta ganin abin da ba a rubuta ba.

A ƙasarmu ta rairayi, daga Tasawa zuwa Mayahi, da ƙauyukan ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey, ba mu da dala, amma muna da kufai. Manomi yana huɗa, hauya ta tono tsingaro mai zanen da ba irin na tukwanen yanzu ba. Yara su tsinci gatarin aradu. Bayan ruwan sama mai ƙarfi a ga bakin tukunya ya leƙo, ko kashin maƙera a warwatse, ko tsohon dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya. Shi wannan dutsen niƙa, tambayoyin tulun Masar duk sun hau kansa. A ƙasar da za ka yi tafiya mai nisa ba ka taka dutse mai tauri ba, wane iri ne shi, daga ina aka ɗauko shi, wa ya sha nauyinsa?

Wanda ya ci karo da irin wannan yana iya yin rabin aikin mai rajista da wayar da ke aljihunsa. Ya bar abin a inda yake. Ya ajiye wani abu da aka san girmansa a gefe, ko ashana ko alƙalami, ya ɗauki hoto daga sama, ya ɗauka daga gefe, ya ja baya ya ɗauki wurin gaba ɗaya yadda za a ga itace ko rijiyar da ke kusa. In wayar tana nuna lambobin wuri a taswira, ya adana su. Ya rubuta ranar, da sunan gonar, da zurfin da abin yake, ko taƙi ne ko kamu. Daga nan ya sanar da mai gari da magajin gari, su kai maganar ga ma'aikatan al'adu na jihar Maraɗi ko ga IRSH. In tukunya ce, kada ya juye ƙasar da ke cikinta, kada ya wanke, don a cikin wannan ƙasa ake samun gawayi ko ƙwayar hatsin da ɗakin bincike zai auna ya faɗi shekarunta.